Ƙaryar da Firmin Ya Yi wa Dogo

Firmin ƙanen mijina ne, marigayi Aubin. Gidansu na kallon nawa, titi ne kawai a tsakaninmu, don haka yawancin abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba, ta tagar kicin na gani ina wanke kwanuka.

Lokacin da na auri yayansa, Firmin yaro ne siriri mai manyan kunnuwa, kuma maraba ta farko da ya yi mini ita ce kwaɗo a cikin takalmi. Tun ranar yake kirana matar Yaya, ni kuma ina ce masa Auta. Yanzu furfura ta cinye kanmu duka, yana da jikoki, amma ba wanda ya sauya wa wani suna.

Motar makaranta ya tuƙa har ya yi ritaya. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya zauna a bayansa, kuma duk sun san halinsa na hira da inji. Idan motar ta zo hawan tudun coci, sai ya shafa sitiyari yana lallashinta, yana gaya mata saura kaɗan. Bai taɓa yarda ya ce mata saura kaɗan ba idan da sauran nisa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce mutum ana iya yi masa ƙarya a ba shi haƙuri, amma inji riƙewa yake yi a zuci, ya jira ka a ranar da kake sauri. Na ce masa wannan ba ya cikin abin da Fada, limamin cocinmu, ke koya mana. Ya ce Fada bai taɓa tuƙa tsohuwar mota a ƙanƙara ba.

Matarsa Armelle 'yar mai gidan burodi ce daga ƙauyen gaba. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, kuma idan ranta ya ɓaci ƙara yin shiru take yi. Tun tana da ƙuruciya sanyin gaɓɓai ya kama ta a yatsu da gwiwoyi. Kowace safiya sai ta jiƙa jikinta a ruwa mai zafi sosai kafin yatsun su yarda su lanƙwasa. Idan ba ta samu ba, ko maɓallin rigarta ba ta iya sawa, kofin shayi ma da hannu biyu take tallafe shi. A farkon aurensu gidan ba shi da famfon ruwan zafi. Firmin ke tashi ya ɗora tukunya a murhu, ya hau bene da bokiti yana tururi, sannan ya tafi ɗaukar yara. Matan ƙauye sun daɗe suna goranta wa mazansu da wannan bokitin, har da ni.

Da ya ajiye tuƙi sai ya sayi awaki, ya koma yin cuku. Yana tatsa, yana daskarar da nonon, ya kifa shi a kan ganye, ya jera a kan katakai a ɗakin ƙasa har ya nuna. Cukunsa ba laifi, ana ci da burodi a gode wa Allah. Amma duk shekara a bikin Waliyyi Martin, inda ake gasar cuku a zauren gari, tsoho Gaspard ke ɗauke kyautar, shi kuma Firmin a gode masa da ya zo. Yakan dawo yana dariya, ya ce alƙalan ba su da harshe. Ni na san abin yana cinsa, don a irin ranar ba ya tsokanata.

Sai tsohuwar tukunyar ruwan zafinsu ta mutu a farkon bazarar bara. 'Yarsu Perrine, da ke aiki a birni, ta turo mai aikin famfo da sabuwa. Na tsallaka na je kallo. Farin tanki ne da ya fi Firmin tsawo, da fanka a kansa, aka tsayar da shi a kusurwar ɗakin ƙasa, daura da katakan cuku, don nan bututun gidan suke. Kafin a gama ɗaure shi Firmin ya raɗa masa suna Dogo.

Mai aikin ya yi mana bayani. Ya ce wannan ba ya dogara da hita kamar tsohuwar. Fankar ce ke zuƙar iskar ɗaki, injin ya tatse ɗumin da ke cikinta ya zuba wa ruwa, sannan ya furzar da iskar da sanyinta. Ya ce mu ɗauka firiji ne da aka juya cikinsa waje. A gaban tankin akwai ɗan gilashi da hotuna huɗu. Na farko ganye, na tattalin wuta: fanka kaɗai ke aiki, a hankali. Na biyu gida: injin ya zaɓa da kansa, in fanka ta gaza hita ta taimaka. Na uku walƙiya, na ranar baƙi: fanka da hita su tashi tare. Na huɗu akwati, na masu tafiya: injin ya kwanta ya yi barci har ranar da ka gaya masa za ka dawo. Ya ce a bar shi a kan gida a manta da shi. Ya ƙara da cewa zai sanyaya ɗakin, zai kuma busar da shi.

Na lura da fuskar Firmin. Sanyayawar kaɗai ya ji.

Bazarar nan an yi zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Cukun kowa ya narke yana tsiyaya daga ganye, har na Gaspard. Ɗakin ƙasan Firmin kuwa sai ka ce bakin rijiya da asuba. Ya mayar da Dogo kan hoton ganye, don a nan fanka ta fi daɗewa tana juyawa. Cukun ya yi farin gashi mai laushi a baya, cikinsa kamar man shanu. Ya kawo mini ɗaya, ya tsaya a kaina sai da na ci, kuma ban iya yi masa ƙarya ba: ban taɓa cin irinsa ba.

Matsala ɗaya ya gano. Dogo ba ya hura sanyi sai yana ɗumama ruwa, kuma da tanki ya yi zafi sai ya yi shiru. Wato in ana son cuku ya sha iska, dole a ƙarar da ruwan zafi. Mutum biyu ne a gidan. Armelle ta yi wankanta na safe, shi ke nan.

Daga nan Firmin ya zama mutumin da ya fi kowa tsabta a yankinmu. Ya yi wanka da safe, ya yi da rana, ya yi da yamma, har fatarsa ta fara sheƙi. Ya wanke motarsa da ruwan zafi. Ya wanke dakalin ƙofa, da kejin kaji, da kare. Wata rana na ga ya kama bunsuru yana cuɗa shi da sabulu, bunsurun yana kuka kamar za a yanka shi. Na leƙa ta taga na tambaye shi ko aure za a yi wa bunsurun. Ya ce in na ƙara magana ni ce ta gaba.

Da abin wankewa ya ƙare a gidansa, sai ya fito waje. Ni ce ke wanke mayafan bagade, wato teburin ibada na coci, duk Litinin. Ya fara kawo mini bokiti biyu, ya ce mu raba ladan. Ya gaya wa matar Gaspard ta daina ɓata gas, ta zo ta ɗiba. Masu wankin bargo suka ji, masu fige kaji suka ji. Ya ja tiyo daga ɗakin ƙasa zuwa bakin ƙofa. Kafin bazara ta ƙare, ranar Litinin ta zama kamar ranar kasuwa a ƙofar gidansa, mata da bokitai suna sa masa albarka. Fada ma ya ambace shi a wa'azi a kan kyautata wa maƙwabci. Firmin ya sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Armelle na kusa da ni a benci, ta matso ta raɗa mini cewa a tambayi cuku.

Sai kaka ta shigo, iska ta juya. Ɗakin ƙasa ya yi sanyi don kansa, Dogo kuma bai san an canja ba, yana ta ƙara masa. Yanzu ɗumin da ke cikin iskar kaɗan ne, don haka fankar takan wuni tana juyawa kafin ruwa ya yi zafi. Nan rabin maganar mai aikin famfo da Firmin bai ji ba ta iso. Cukun da ya keɓe don gasa ya fara bushewa. Farin gashin ya tsaya, bayan ya fara tsagewa kamar dunduniyar manomi. Ya rataya jiƙaƙƙun buhuna, ya jera kwanonin ruwa a ƙasa. Dogo ya shanye laimar, ya ɗiga ta ta wani ɗan bututu a gindinsa. Ya gwada hoton gida, fanka ta tashi. Ya gwada walƙiya, ta tashi da ƙarfinta. Hoto ɗaya ne kaɗai ke sa ta yin shiru.

Saura sati biyu biki, Firmin ya danna akwati, ya gaya wa Dogo sun yi tafiya, ba za su dawo ba sai ranar Waliyyi Martin.

Daga baya ya faɗa mini dabararsa. Tankin babba ne kuma yana riƙe zafi. Ya ce in shi ya haƙura da wanka, ruwan zai ishi Armelle kwanaki, in ya huce ya tashi injin na ɗan lokaci ya sake kwantar da shi, ba wanda zai sani. Abin da ya manta shi ne ranar Lahadi ya danna. Washegari mata suka iso da bokitansu kamar yadda ya saba musu. Mutumin da aka yaba a wa'azi ba zai iya fitowa ya ce babu ba. Na gan shi tsaye riƙe da tiyo, yana murmushi kamar mai ciwon haƙori, yana cika wa kowa. Nawa biyun ma da kansa ya tsallako da su.

Ranar Talata ruwan Armelle ya fito da ɗumi-ɗumi. Ranar Laraba ya fito kamar na rafi. Firmin ya ce mata Dogo mura yake yi, a ba shi kwana biyu. Ta jira ya tafi wurin awaki, ta sauka ɗakin ƙasa, ita da ta yi shekaru ba ta taka matakalar nan ba saboda gwiwa. Ta tsaya gaban ɗan gilashin, ta ga akwati, ta ga ranar dawowa.

Ina yanka kabewa na hango ta tana tsallaka titi a hankali, tana jan akwatin da suka je bikin Perrine da shi. Rigar sanyinta a buɗe, don ba ta iya sa maɓallan ba. Na buɗe ƙofa kafin ta ƙwanƙwasa.

"Yaya, baƙunci na zo," in ji ta. "An rubuta a gidanmu cewa mun yi tafiya. Ba na son a mai da bawan Allah maƙaryaci."

Na tambaye ta wane bawan Allah. Ta ce Dogo. Na tambaye ta har yaushe. Ta ce yadda aka rubuta, sai ranar Waliyyi Martin, in kuma an ƙara wa'adi ita ma ta ƙara.

Na gyara mata ɗakin baya. Da rana Firmin ya iso, hula a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa. Na tare hanya.

"Matar Yaya, ko kin ga Armelle?"

"Wace Armelle? Na ji an ce kun yi tafiya. Yaushe ka dawo, Auta? Ya hanya?"

"Haba matar Yaya."

"Ba ka kawo mana tsaraba ba?"

Ya leƙa ta saman kafaɗata, ya hango ta zaune a teburin kicin. Ya fara bayani daga nan: sati biyu ne kacal, cukun bana ba irin na kullum ba ne, Gaspard da kansa ya ɗanɗana ya rasa abin cewa, zai dafa mata ruwa a murhu kamar dā. Armelle ta ce mini in gaya wa baƙon nan cewa a dā bayansa na da ƙarfi kuma bokiti ɗaya ke isarta, yanzu baho take cikawa, shi kuma in ya hau bene da kofin shayi sai ya huta a tsakiya. Na juya na maimaita masa duka, ko da yake ya ji. Ta ƙara da cewa ba ruwan ne ya fi ɓata mata rai ba, murar ce. Shekara arba'in bai taɓa ce wa mota saura kaɗan ba in da nisa, amma ita ya dube ta ya ce mura.

Ya tafi da kunnuwa jajaye.

Kwana biyu yana zarya. Ya kawo burodi mai zafi, muka karɓa muka rufe ƙofa. Ya kawo ƙwai. Ya aiko da furanni daga lambunsa, Armelle ta ce a sa su a ruwan sanyi, tun da shi ne ake yayi a gidansu. Ni kuma ina yi masa addu'a da carbina, don na san taurin kan gidansu, na zauna da yayansa. Ta taga ina ganinsa yana sauka ɗakin ƙasa yana fitowa, yana sauka yana fitowa. Ya tashi Dogo, ya ji ƙarar fanka, ya dubi cuku, ya sake kwantar da shi.

Gidana ba shi da bahon wanka. 'Yar tukunyar ruwan zafina tsohuwa ce, ruwanta ba ya wuce na shawa ɗaya. Nakan cika wa Armelle roba ta tsoma hannuwa, amma gwiwoyin ba su samu ba, kuma kullum tana ƙara sanƙarewa. Ba ta yi ƙorafi ba. Safiya ta uku Firmin ya zo da wuri da kwalbar madara, ya tarar ƙofar a buɗe, ya shigo. Armelle na tsaye a tsakar kicin ta ɗaga haɓa kamar yarinya, ni kuma ina sa mata maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya. Hannuwanta na rataye a gefe, yatsun a ƙage.

Ya tsaya yana kallo. Ya ajiye madarar a kan tebur a hankali, ya juya ya fita.

Ba a jima ba na ga ya turo baro zuwa ƙofar ɗakin ƙasa. Ya fara fito da katakan cuku yana jerawa a ciki. Na tsallaka na tambaye shi ina za a kai su. Ya ce raba su zai yi, gida-gida, wanda ya tsage a ba kaji. A kicin zafi zai lalata su, a rumfar awaki ɓeraye, kuma ɗakin ƙasa na Dogo ne, shi ya gane. Ya ce ya riga ya danna walƙiya. Daga inda nake ina jin fankar tana gurnani.

"Gasar fa?" na ce.

"Gaspard ya ci abinsa. Ya saba."

Na koma gida. A bayan ƙofar kicin akwai makullin da ke rataye tun rasuwar Aubin. Na ɗakin ƙasanmu ne, inda yake ajiye tuffa. Ban buɗe shi ba tun lokacin, ba don wani abu ba, kawai matakalar ce nake jin kamar zan tarar da shi a ƙasa yana juya 'ya'yan itace. Na yi alamar gicciye, na ɗauko makullin, na kai wa Firmin. Na ce masa ɗakin yayansa na da laima, ba fanka, ba hoto ko ɗaya, kuma in ya bar mini ƙazanta zan kai ƙararsa wurin Fada. Ya karɓa, ya daɗe yana kallon makullin. Sannan ya ce ashe matar Yaya na da amfani, shekara hamsin bai sani ba.

Muka buɗe tare. Ɗakin na nan yadda yake, da katakansa, kuma har yanzu yana ƙanshin tuffa. Muka share, muka jera cukun.

Armelle ta ga duk wannan ta taga, amma ba ta motsa ba. Ta ce ita ba ta komawa kan alkawari, sai ta ji da yatsanta. Tankin kuwa ya huce sarai, ko da walƙiya sai da ya ci rabin wuni. Da la'asar sakaliya na hango Firmin ya fito daga gidansa da bokiti, tururi na tashi, yana tsallaka titi a karkace, yana tsayawa yana sauya hannu. Matar Gaspard da ke wucewa ta tsaya kallo. Ya shigo ya dire shi a gaban Armelle yana haki.

Ta tsoma yatsa ɗaya, ta cire da sauri. Ta sake tsoma hannun duka, ta bar shi a ciki.

"Ka ba shi haƙuri?" ta tambaya.

"Wa?"

"Wanda ka yi wa ƙarya."

"Na ba shi. Na ce masa mun fasa tafiyar."

"Ni fa?"

Ya murza hularsa. Ya ce Dogo bai taɓa yin mura ba, shi ne dai ya yi rashin hankali. Ta ce to ya ɗauki akwatin, kuma kada ya ja shi a ƙasa, don ƙafar akwatin ɗaya ta karye.

A gasar bara cukun Firmin ya zo na biyu. Tsagewar ta rufe, farin gashin ya dawo, kuma alƙalai suka yi ta tambayarsa me ya sa a ciki da yake ƙanshin tuffa. Ya ce sirrin gidansu ne. Gaspard ne ya ci, kamar kullum, amma a ranar Firmin ya tsokane ni tun daga zauren gari har ƙofar gida.

Yanzu Dogo na kan hoton gida, inda mai aikin famfo ya ce a bar shi tun farko. Da bazara Armelle takan yarda a mayar da shi kan ganye, cuku ya koma can, mu kuma mu fito da bokitanmu. Da an fara sanyi baro ya tsallako wurina. Hoton akwatin kuwa ta manne shi da filasta, irin wadda ake sa wa yanka, kuma duk wata sai ta aike ni in sauka in duba ko tana nan.